Abin da Kawu Yake Datsewa a Ƙasan Shafi

Kun gan ta. Kada wani ya ce mini bai gani ba. Shekara ɗaya da wata huɗu kuna shigowa coci ta ƙofar nan kowace Lahadi, kuna wuce bencin da ke jikin bango, inda ake jingina tsintsiya da bokitin goge ƙasa, kuna ganin yayata zaune ita kaɗai da 'yarta a cinya. A daidai wurin ne kowa yake tuna cewa yana da abin dubawa a waya, ko maɓallin rigarsa ya kwance. Wasunku ita ce take wanke muku ciwo a kantin maganin da take aiki. Ranar Litinin kuna ce mata "sannu da aiki", ranar Lahadi kuma sai idonku ya maƙale a rufin ɗaki.

Amma ban ɗauki biro don in wanke kaina ba. Ku dai kawar da kai kawai kuka yi. Ni abin da na yi ya fi naku muni, kuma zan faɗe shi yadda ya faru.

Yaya ce ta koya mini karatu. Mahaifinmu ya rasu ina ɗan shekara shida, Mama tana fita neman abin sawa a baki tun da sassafe, saboda haka Yaya ce take zaunar da ni a bakin ƙofa da alli da guntun allo, tana ranƙwashina in na juya harafi. Tana cikin mawaƙan coci tun tana yarinya. A can ta haɗu da mai kaɗa jita, ya yi mata alkawarin aure, ta samu ciki, ya ce shi bai shirya ba. Dattawan coci su bakwai suka sa su duka biyu a horo. Wanda aka sa a horo yana komawa bencin baya, ba ya cin jibin Ubangiji, ba ya waƙa, ba a ba shi karatu. Mai jita ya yi wata uku, ya tsaya a gaba ya matse hawaye biyu, aka mayar masa da jitarsa. Yanzu ma ya auri wata. Ita kuwa aka ce sai dattawa sun ga alamar tuba, kuma ba wanda ya faɗi kamannin alamar.

Ni ina jami'a lokacin, ina karatun tarihin addinai. Na dawo na samu aikin koyarwa a makarantar sakandare, na kuma dawo da ciwon da har yau bai sake ni ba: na kasa jure ganin mutane suna ɗaga Littafi Mai Tsarki sama suna rantsuwa da shi, alhali ba su taɓa tambayar yadda ya iso hannunsu ba. Na karanta cewa mutane ne suka rubuta shi a zamani daban-daban, wasu suka kwafe shi da hannu a kan fata, wasu suka fassara, wasu suka zauna suka zaɓi abin da zai shiga. Ba na ƙin Littafin. Lalacin masu riƙe da shi nake ƙi. Duk ranar Laraba a wurin binciken Littafi sai na ɗaga hannu, har matan coci suka laƙaba mini Farfesa, kuma ba don girmamawa ba.

Kawu, ƙanen Mama, yana cikin dattawan bakwai. Sana'arsa ɗinkin littattafai. Shagonsa ɗan ƙarami ne a bayan gidan waya, kullum yana warin gam da tsohuwar takarda. Akwai matsi na ƙarfe da ake murzawa da hannu, da ƙwaryar zare, da wani injin datsa mai doguwar wuƙa wanda ya girme ni. Rabin Littattafan da ke cocinmu sun bi ta hannunsa. In bango ya yage ko shafuka sun warware, sai ya kwance su, ya ɗinke, ya matse, ya datse gefen da ya cinye, ya sa sabon bango, ya buga ɗan hatiminsa a ciki.

Wata rana na je gaishe shi na ɗauki ɗaya daga cikin waɗanda ya gama. Na buɗe, na ga wani abu ba daidai ba. Bugun da ake sayarwa yanzu yana da ƙananan rubutu a ƙasan wasu shafuka, layi ɗaya ko biyu, inda masu fassara suke bayanin cewa tsofaffin kwafe sun bambanta a wuri kaza. A wannan babu su.

Na ce, "Kawu, ina ƙasan shafin nan?"

Bai ɗago ba. Da allurar hannunsa ya nuna mini kwandon da ke ƙarƙashin injin. "Ga shi can. In kana so ka kwasa."

Kwandon cike yake da siraran takardu kamar taliya. Na tsinci ɗaya, na ga rabin kalmomi a jiki.

"Kawu, ka san abin da kake yankewa kuwa?"

"Na sani mana. Wurin da babban yatsa yake riƙewa ne. Gumi da mai suna cinye shi, in ban datse ba sai ya yi ta yagewa har ya hau kan ayoyi. Ko ka ga na taɓa aya?"

"Ba ka taɓa aya ba, amma ka yanke gaskiyar da ke ƙarƙashinta."

Sai a nan ya sauke gilashinsa kan hanci ya dube ni. "Ɗan nan, shekara talatin ina wannan aiki. An dawo mini da littafi don gam ya yi yawa, an dawo don launin bango bai yi ba. Ba a taɓa dawo mini da shi don waɗannan tururuwan ba. Wa yake iya karanta su ma? Ni kaina sai da gilashi biyu."

"Shi ya sa muke nan inda muke! Ba mai karantawa, ba mai tambaya."

"To tambaya. Wa ya hana ka?" Ya ja zare da haƙori ya tsinke. "Amma tunda ka zo, murza mini matsin nan, kafaɗata ta gaji. Ko a jami'ar ba a koyar da murza ƙarfe?"

Na murza, amma da zan tafi na ari Littafin. Bai tambaye ni dalili ba.

A watan nan ne matasan coci suka shirya muhawara ranar Asabar da yamma. Suka rubuta a allo: Littafi Mai Tsarki, daga Allah ne ko daga mutum? Ni suka sa a gefe ɗaya. A ɗaya gefen suka sa shugaban dattawa, wanda kowa yake kira Mai Katako saboda yana da wurin sayar da katako a bakin babban titi. Mutum ne mai murya kamar ganga, wanda in ya yi addu'a ake ji har wurin ajiye motoci.

Washegarin muhawarar, wato Lahadi bayan sujada, dattawa za su zauna a kan takardar Yaya. Ita ce takarda ta uku da ta rubuta tana roƙon a ɗage mata horo. Ranar Alhamis Kawu ya zo gidanmu, ina ɗaki ina jin su. Ya ce wa Mama, "Ni ban iya dogon zance ba, kin sani. Wuri ɗaya zan karanta musu. Labarin matar da aka kama aka kawo gaban Almasihu don a jefe ta, ya sallame ta. Zan karanta shi a hankali, in rufe Littafi, in dube su ɗaya bayan ɗaya. In suna da kunya, shi ke nan." Mama ta ce Allah ya sa. Na ji Yaya ta yi 'yar dariya, irin wadda na daɗe ban ji ba.

Na faɗi wannan don kada wani ya nema mini uzuri. Na sani. Kuma na san wani abu da Kawu bai sani ba: a ƙarƙashin wannan labarin ne ƙaramin rubutun ya fi nauyi. Yana cewa tsofaffin kwafen da aka samu ba su da shi. Na shirya hujjoji uku a guntayen takarda. Biyu a kan lissafin da ya bambanta tsakanin wuri da wuri ne. Na uku wannan ne. Na ninke shi na sa a aljihun baya, na ce wa kaina ba zan taɓa shi ba. Amma ban bar shi a gida ba, kuma Littattafan nan biyu, sabon bugu da wanda Kawu ya datse, suna cikin jakata.

Zauren ya cika fiye da ranar sujada. Faɗan da babu ruwanka daɗin kallo gare shi. Fasto, wanda bai cika shekara da zuwa ba kuma har yanzu yana tsoron dattawansa, shi ne alƙali. Ya ajiye agogonsa a kan tebur ya roƙe mu da a yi cikin ƙauna. Yaya tana bencinta.

Na fara da kyau. Na yi bayanin masu kwafe, yadda mutum zai zauna wata da watanni yana kwafar littafi da hannu, ido ya gaji, layi ya tsallake. Na ce Littafin bai faɗo daga sama da bango da lambar shafi ba. Na ce wanda ya ƙi sanin tarihin abin da ya yi imani da shi, ba imani yake karewa ba, barcinsa yake karewa.

Wata tsohuwa daga zumuntar mata ta ɗaga murya. "Farfesa, kana wurin lokacin da suke kwafewar?"

Aka yi dariya. Na ce, "Ba na wurin, Mama, amma ke ma ba kya wurin lokacin da aka saukar."

Aka sake yin dariya, wannan karon tawa ce.

Mai Katako ya miƙe a hankali, ya gyara zaman rigarsa. "Ɗana ya yi karatu, mun gode Allah. Ni ban yi ba. Katako nake sayarwa. Kafinta yana zuwa wurina ya saya, ya yanka, ya goge, ya buga ƙusa, ya yi kujera. Kowa ya ga kujera ya ce aikin kafinta ne. To, wa ya tsiro da itacen?" Ya bar zauren ya amsa masa. "Hannun mutum ne ya riƙe alƙalami, ba mu musa ba. Amma Ruhun Allah ne ya hura. Kuma abin da Allah ya hura, ko ɗigo ba a ƙara ba, ko ɗigo ba a rage ba."

Tafi ya kaure. Gaskiya misalin ya yi kyau, ni ma na ji shi a ƙirjina. Na kawo hujjata ta farko, yawan sojoji a wuri ɗaya ya saɓa da yawansu a wani wuri. Ya ce, "Sojojin da suka mutu shekara dubu uku ne za su hana ka shiga Mulkin Sama?" Aka kwashe da dariya. Na kawo ta biyu, ya hure ta kamar ƙaiƙayi.

Sannan ya matso kusa da ni. "Ɗana, bar kewaye-kewaye. Nuna mini wuri ɗaya. Ɗaya tak, inda mutum ya sa hannu ya ƙara." Ya juya ga jama'a, ya sassauta murya kamar mai tausayi. "Ku yi masa addu'a. Gidan da babu uba, kowa da irin tawayensa. Wannan da baki, waccan kuma..." Bai ƙarasa ba. Ya ɗan karkata kai wajen ƙofar baya.

Wasu suka yi gyaran murya. Wasu suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Fasto ya duba agogonsa.

Da ma zan iya cewa don Yaya na fusata. Da farko haka ne. Amma lokacin da hannuna ya shiga aljihun baya, ba ita nake gani ba. Fuskar Mai Katako nake gani, da yadda za ta koma in na kayar da shi.

Na ce, "Wuri ɗaya ka ce, Baba? To."

Na kira sakataren coci, na ba shi sabon bugun, na buɗe masa labarin matar. Na ce ya bar manyan rubutun, ya karanta ƙananan da ke ƙasa. Ya kanne ido, ya kai shafin kusa da taga, ya karanta da ƙarfi cewa tsofaffin kwafe ba su da wannan sashe.



Na ce, "Ba ni na rubuta ba. Masu fassarar ne da kansu. Wani ya ƙara shi daga baya, da hannu, da tawada. Shekara nawa kuna riƙe da shi ba ku gani ba?"

Wani ya ce daga tsakiya, "Nawa ba shi da wannan rubutun!"

A nan ya kamata in tsaya. Ai na riga na ci. Amma tafin da na fara ji daga wajen matasa ya hau mini kai kamar giya. Na zaro ɗaya Littafin daga jaka na ɗaga shi sama. "Naka ba shi da shi don an datse! Ku duba cikin bangonku, ku ga hatimin wanda ya ɗinka."

Na ji ƙarar buɗe bango ta ko'ina. Sai kawuna suka fara juyawa wajen layin dattawa. Kawu ya cire gilashinsa, ya goge shi da bakin riga, ya mayar, ya sake cirewa. Wata mata ta ce, "Ikon Allah, ashe da wuƙa ake gyara mana Magana." Wani ya yi dariya.

Mai Katako ya karɓi sabon bugun daga hannun sakatare, ya daɗe yana kallon ƙasan shafin, ya gyaɗa kai, ya zauna. Na ɗauka kunya ce ta kama shi. Matasa suka kewaye ni suna bubbuga mini baya. Da na samu na leƙa bencin baya, babu kowa a kai.

A gida Mama magana ɗaya ta yi mini: "Ka kyauta." Ta shige ɗaki.

Ranar Lahadi bayan an tashi, dattawa suka shiga ƙaramin ofishin da ke gefen coci. Mu uku muka jira a baranda, Mama da Yaya a kan benci, ni a tsaye nesa kaɗan. Tagar ofishin a buɗe take saboda zafi, muna jin komai.

Aka karanta takardar Yaya. Kawu ya nemi izini. Ya faɗi inda zai karanta.

"Dakata," in ji Mai Katako. "Wannan wurin ne na jiya?"

"Shi ne."

"To ai ɗanka ya ce ƙari ne."

"Kai kuma ka ce ko ɗigo ba a ƙara ba."

"Na faɗa, kuma ina nan a kan bakana. Amma jiya jama'a sun ji da kunnensu, sun tafa. In muka saki yarinyar nan a kan wannan wuri, gobe za a ce dattawa sun yanke hukunci da ayar da ake shakka. Horon coci ba abin wasa ba ne. Kawo wani wurin."

Kawu bai shirya wani wurin ba. Na ji shi yana juya shafuka, gaba, baya, gaba. Mutumin da ya ɗinka Littafin nan sau ɗaruruwa, ya san kowane ɗauri na shafukansa, ya kasa samun layi ɗaya. Wani dattijo ya yi hamma ya ce rana ta yi.

Mai Katako ya ƙara da cewa, "Kuma, ɗan'uwa, kai ma akwai maganar da za a yi a kanka. Mutumin da yake sa wa Littafi wuƙa ba shi ya kamata ya koya mana abin da ke ciki ba."

Ban san lokacin da na tura ƙofar ba. Na tsaya a tsakiyarsu na ce akwai wurare goma, ashirin, da suke maganar gafara. Na fara jero su, sura da aya, ba tare da na buɗe shafi ba. Fasto ya ɗaga hannu yana cewa wannan zaman dattawa ne, amma Mai Katako ya ce a bar ni. Ya saurara har na gama.

Sai ya ce, "Madalla. Waɗannan da ka kawo, na Allah ne ko na mutum?"

Na buɗe baki.

"Tambaya ce kawai, Farfesa. Jiya ka ce duk hannun mutane ne. In na mutum ne, mu ma mutane ne, muna da namu hankalin. In kuma na Allah ne, sai ka fita ka gaya wa jama'ar da suka tafa maka."

In na ce na mutum ne, na bar Yaya a benci. In na ce na Allah ne, na faɗi abin da ban tabbatar ba don in samu biyan buƙata, wato daidai abin da nake zargin su da shi. Na tsaya ina neman amsa ta uku, irin wadda ake rubutawa a jarrabawa, mai "ta wani ɓangare" da "amma kuma". Kafin in haɗa ta, an ɗage maganar har sai an samu haske. Ba a sa rana ba. Aka ce Fasto ya rufe da addu'a.

Da na fito, ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Yaya ta riga ta goya 'yarta ta kama hanya.

Washegari bayan an tashi daga makaranta na je kantin maganin. Tana ƙirga ƙwayoyi tana zubawa a 'yar leda ga wani tsoho, tana maimaita masa sau nawa zai sha. Na jira har ya fita.

"Yaya."

"Me za a ba ka? Na ciwon kai ko na yawan magana?"

"Ki yi haƙuri."

"Haƙuri ai shi nake sayarwa, ba ka ga kanti cike ba?" Ta rufe kwalbar ta mayar kan kanta. "Mai Katako bai ba ni mamaki ba. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai maratayinsa."

Na ce na san na yi kuskuren lokaci, amma abin da na faɗa gaskiya ne, kuma da ta san tarihin...

Ta katse ni. "Kai, zo nan." Ta jawo jakarta daga ƙarƙashin tebur ta fito da nata Littafin. Ba na wurin Kawu ba ne, bangonsa na asali ne. Ta buɗe ba tare da ta nema ba, shafin ya faɗo da kansa don yawan buɗewa. Ƙaramin rubutun yana nan, an ja masa layi da jan biro.

"Ke kika ja?"

"A'a, aljanu. Kana tsammani kai kaɗai ne mai ido a gidanmu? Wa ya koya maka karatun? Mutumin da ya yi shekara a bencin baya ba abin da ba ya karantawa, har sunan kamfanin da ya buga."

"To me kika ce da kika gani?"

"Na yi kuka kwana biyu. Na ce shi ke nan, abu ɗaya da nake riƙe da shi, shi ma aro ne." Ta shafa shafin da tafin hannu. "Daga baya na ce, to, a ce wani ne ya ƙara. Wani mutum, can da daɗewa, yana kwafe, ya ji labarin nan a bakin mutane, ya ce wannan ba zai ɓata ba, ya nema masa wuri. Maza nawa ne suka kwafe bayansa? Dattawa nawa irin Mai Katako suka gan shi, suna da wuƙa, suna da iko? Me ya hana su cirewa? Ya bi ta hannun nan duka har ya iso wurina a bayan ƙofa. Kai ka ce hannun mutum. Ni ban ga inda hannun mutum ya ƙare na Allah ya fara ba, kuma ban ce na sani ba. Abin da na sani, ya iso."

Na ce wannan ba hujja ba ce da za ta tsaya a gaban masana.

"Ni ma ba a gaban masana nake zaune ba." Wata mata ta shigo da takardar likita. Yaya ta rufe Littafin ta ture shi gefe. "Je ka wurin Kawu. Mutum uku sun karɓe littattafansu tun safe, ko gam bai bushe ba."

Na je. Bai yi mini faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ya ce daga yau ba zai ƙara datse ƙasa ba, zai riƙa liƙa siririyar takarda a wurin, ko da aikin zai ninka. Ya ce da na gaya masa a shago da harshen da zai gane, da tuni ya daina. Gaskiyarsa. Na gaya masa ne da harshen da zai sa in ji daɗin kaina.

Har yau ban sauya ra'ayina a kan tarihin Littafin ba. Duk wanda yake son muhawara ya zo, a shirye nake, kuma har yanzu ina cewa jahilcin da muke ado da shi abin kunya ne. Amma na ga wani abu a ofishin nan. Mutum ɗaya ya ce Littafin na Allah ne ranar Asabar don ya rufe mini baki, ya yi shakkarsa ranar Lahadi don ya rufe wa mace ƙofa. Dattawa biyar suna zaune suna jin yunwa. Ni kuma na wasa wuƙar na miƙa masa. Tsakanin mai cewa daga Allah ne da mai cewa daga mutum ne, ba a samu wanda ya yi abin da labarin ya ce ba.

Na karanta kundin dokokin cocinmu, wanda na tabbata yawancinku ba ku san yana nan ba. A shafi na goma sha ɗaya an rubuta cewa in membobi ashirin suka miƙe a babban taron da ake yi duk bayan wata uku suka nema, dole dattawa su sake zama a kan maganar da suka ɗage cikin kwana bakwai, su kuma faɗi dalilinsu a gaban jama'a. Ranar Lahadi mai zuwa za a yi taron, bayan sujada ta biyu, daidai lokacin da kuka saba sulalewa gida. Ni ba zan yi jawabi ba, bakina ya riga ya yi ɓarnarsa. Ba na tambayar ku wanne gefe kuka tafa wa ranar Asabar. Kada ku tafi gida. In sakatare ya ce ko akwai wata magana, ku miƙe tsaye, kuma kada ku zauna sai an ƙirga ashirin.